Kama da Wane: Kundin Aikinmu kan Ƙwaƙwalwa da Fuskokin Kwamfuta

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau dai muka tsayar da tambayar, bayan kusan wata biyu muna jujjuya ta. Idan wani ya sakar wa mutum fuska, ko ya murtuke masa, akwai abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi tun bai ankara ba. To idan fuskar nan ba ta kowa ba ce, kwamfuta ce ta ƙera ta, ƙwaƙwalwa za ta karɓe ta haka nan, ko za ta ja baya? In za ta ja baya, a daidai wane lokaci?

Wannan "wane lokaci" shi ya sa muka zaɓi EEG, hular nan mai wayoyi da ke ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta saman fatar kai. Na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, ta fi ta nuna wuri, amma jini take bi, shi kuwa jini sai ya yi daƙiƙa biyar ko shida kafin amsarsa ta kai ƙololuwa. Abin da muke nema yana farawa ya ƙare cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, don haka awonmu milisakan ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Zango uku za mu tsare. Na farko N170, wata 'yar lotsawa da layin lantarki ke yi kimanin milisakan 170 bayan fuska ta bayyana, ta gefen ƙeya a bayan kunne, kuma ta fi ƙarfi a dama. Shlomo Bentin da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a 1996. Kamar dai ƙwaƙwalwa ce ke cewa "fuska ce wannan". Na biyu EPN, tsakanin milisakan 200 da 300, lokacin da hankali ke karkata ga abin da ya taɓa rai. Na uku LPP, daga wajen 400 zuwa sama, ta tsakiyar kai. A nan ne ƙwaƙwalwa ke tsayawa ta auna ko abin ya shafe ta.

Ni ke ƙera fuskokin. Malama, shugabar ɗakin binciken, ita ke riƙe da tsarin gwajin, ɗalibinmu kuma yana kula da hula da na'ura. Malama ta ce kowa ya rubuta hasashensa yau, kada gobe wani ya ce da ma ya faɗa. Nawa ga shi: iya kamar fuska da ta mutum, iya ƙarfin amsar ƙwaƙwalwa, a duk zangon uku.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar ɗaukar hoto. 'Yan sa-kai shida, kowanne fuska huɗu: murmushi, fushi, tsoro, da kadaran-kadahan.

Akwai wata a cikinsu da ta girme ni. Na ce, "Yaya, ɗan yi mana murmushi." Ta yi. Leɓe ya ja, haƙora sun fito, idon kuwa yana nan yadda yake, ko gezau. Na ɗauka. Ana haka ɗalibinmu ya yi tuntuɓe da wayar fitila, ya dafe bango, sai ta tuntsire da dariya, yatsana kuwa yana kan maɓalli. Da daddare na jera hotunan biyu a allo. A na biyun kumatu sun tashi, fatar ido ta ƙasa ta turo sama har ta rage girman idon, ga 'yan layuka uku a gefen kowane ido. Mutum ɗaya, minti ɗaya a tsakani, amma ko yaro ya san wanne ne yaƙe.

Likitan nan na Faransa, Guillaume Duchenne, ya ga wannan tun 1862, lokacin da yake sa wa tsokokin fuskar mutane lantarki yana ɗaukar hotonsu. Ya ce tsokar da ke jan baki tana bin umarnin mai ita, amma wadda ta kewaye ido sai farin ciki na gaske ke motsa ta. A 1978 Paul Ekman da Wallace Friesen suka ba kowane motsin fuska lamba: 12 jan gefen baki, 6 ɗaga kunci da matse ido, 4 haɗa gira. Da waɗannan lambobi masu ƙera fuskokin kwamfuta ke magana har yau. Daga baya an gano mutane da yawa suna iya motsa lamba 6 da gangan, saboda haka maganar Duchenne ba ta tsaya cif ba, amma ido na ɗauke da abin da baki ba ya ɗauka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, fuskokin da muke kira na gaske su ma wasa ne. Babu wanda ya tsorata a ɗakin nan yau. Mun ce su zare ido, suka zare. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu fuska muka tambaya alhali zuciya ba ta ce komai ba. Ashe kwatancinmu tsakanin mutum mai kwaikwayo ne da na'ura mai kwaikwayo. Dole wannan ya shiga rahoto ɓaro-ɓaro.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwana tara ina kan ido.

Na ƙera wa kowane ɗan sa-kai tagwaye biyu: ɗaya irin zanen katun, ɗaya kuma iya kamar da zan iya kaiwa. Na katun bai ba ni wahala ba, kuma duk wanda ya gani sai ya so shi. Mai kamar ne ya hana ni barci. Ƙashi daidai, launin fata daidai, har ɗan tabon da ke haɓa na sa. Da na kira ɗalibinmu ya duba, ya jima yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ita ce, amma kamar ba ta nan." Ni ma tsigar jikina ta ɗan tashi.

Masahiro Mori, injiniyan mutum-mutumi a Japan, ya ba wannan abu suna a 1970. Ni a aikin nan kwarin tsarguwa nake ce masa. Abu na ƙara kama da mutum, ana ƙara son sa, har ya zo dab da kama, sai son ya rufta, tsarguwa ta maye gurbinsa. Ba mutane kaɗai ba. A 2009 a jami'ar Princeton an nuna wa birai fuskokin birai iri uku: na gaske, na kwamfuta marasa kama, da na kwamfuta masu kama sosai. Masu kamar ne biran suka fi saurin kawar wa ido.

Na bi fuskar a hankali ina neman inda ta mutu. A ido ne. Farin idon ya yi fari da yawa, babu 'yan jajayen jijiyoyin nan na kusurwa. Babu ɗan danshin da ke kwanciya inda fatar ido ta ƙasa ta haɗu da ƙwayar, wanda ke kama haske kamar zare. Fatar ido ta sama ba ta jefa inuwa. Da na sa waɗannan uku, sai fuskar ta fara kallona maimakon kallon bayana.

Ba kwalliya ba ce wannan. Can cikin ƙwaƙwalwa ta kowane gefe akwai wani ɗan curi, amigdala, mai sa ido kan duk abin da ya kamata a kula da shi, musamman haɗari. A 2004 Paul Whalen da abokansa suka share fuska baki ɗaya suka bar farin ido kawai, suka walƙa shi na ɗan lokacin da mai kallo bai ma san ya gani ba. Farin idon mai tsoro, wanda ya fi faɗi, ya fi tayar da amigdala. Akwai kuma matar nan da masana ke kira S.M., wadda wata cuta mai wuyar samu ta lalata mata amigdala duka biyu. Ralph Adolphs ya nuna a 1994 cewa ba ta gane tsoro a fuska. Shekara 11 bayan haka aka gano dalili: ba ta duban ido. In aka ce mata ta dubi idon, sai ta gane kamar kowa, in aka daina tuna mata, sai ta koma gidan jiya. Idan na ɓata idon fuskar kwamfuta, ba kamar fuska da ta mutum zan auna ba, kuskurena zan auna.

Talata, 4 ga Maris

Daidaita haske. Fatar kwamfuta ta fi ta mutum sulɓi, haƙoranta sun fi fari. Ƙwaƙwalwa na amsa haske da bambancin haske da duhu tun wajen milisakan 100, kafin ta kai ga batun fuska. In ba mu daidaita ba, za mu ga bambanci mu ce motsin rai ne, alhali farin haƙori ne. Na mayar da duk hotunan kan ma'auni ɗaya, na yanke gashi da kunne da wuya, aka bar fuska zalla.

Alhamis, 6 ga Maris

Allah ya rufa asiri yau. Malama ta dage sai mun manna ɗan firikwensin haske a kusurwar allo, mu auna ainihin lokacin da hoto ke fitowa, ba lokacin da kwamfuta ta ce ya fito ba. Allonmu yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kowane sabuntawa milisakan 16.7. Sai ga shi fuskokin kwamfuta suna makara da sabuntawa ɗaya, wani lokaci biyu, saboda fayil ɗinsu ya fi nauyi kuma manhajar sai a lokacin take ɗauko su. Hotunan mutane kuwa suna fitowa a kan kari.

Da ba mu duba ba, da mun buga cewa ƙwaƙwalwa tana jinkiri wajen gane fuskar kwamfuta, kuma da an yarda, don labari ne mai daɗin ji. Na mayar da su duka nau'i ɗaya da nauyi ɗaya, a loda su tun kafin gwaji. Firikwensin zai zauna a kusurwar nan har ƙarshen aiki.

Laraba, 19 ga Maris

Makonni biyu na karatu yayin da muke jiran izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Hasashena na 3 ga Fabrairu ya tsage biyu.

A 2007 Ewald Moser da tawagarsa a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka nuna wa mutane fuskokin mutane da na kwamfuta cikin fMRI. Amigdala ta amsa duka biyun. Inda aka ga fifikon fuskar mutum shi ne yankin fusifom, a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda Nancy Kanwisher ta nuna a 1997 cewa ya ƙware kan fuska. Wato mai gadin ƙofa bai tambayi asali ba, masanin fuska ne ya lura.

Wanda ya fi taɓa aikinmu shi ne na Sebastian Schindler da abokansa a Jamus, 2017. Sun ɗauki fuska suka yi mata matakai shida, daga katun tsantsa har hoton gaske, suka auna da EEG. N170 ba ta hau tsani ba. Ta fi ƙarfi a bakin nan biyu, katun tsantsa da hoton gaske, ta yi rauni a tsakiya. LPP ce ta yi abin da na yi hasashe: tana ƙaruwa ne gwargwadon kama da mutum. Na daɗe ina juya wannan. A zangon farko ƙwaƙwalwa ba ta da tsada, ɗigo biyu da layi a ƙasa sun ishe ta ta ce fuska, shi ya sa muke ganin fuska a gaban mota da jikin soket. Sai an wuce milisakan 400 take tambayar ko akwai wani a ciki.

Jari Kätsyri da abokansa sun ƙara wani abu a 2020: idan fuskar mutum ta dube ka ido cikin ido, amigdala tana bambanta hakan da kallon gefe, amma ba ta yi haka ga fuskar kwamfuta ba. Kallo na da nauyi ne idan akwai mai kallo. Kama da wane ba ta wane, kuma da alama ƙwaƙwalwa ta riga mu sanin haka.

Mun yanke cewa hotuna tsayayyu za mu fara da su. Fuska mai motsi ta fi kusa da rayuwa, kuma tana jawo wani yanki na gefen ƙwaƙwalwa mai karanta motsin ido da baki, amma murmushin da ke buɗewa a hankali ba shi da takamaiman lokacin farawa, awonmu kuwa ba ya yiwuwa sai da shi. Wannan sai zagaye na biyu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Yau aikin ya sauya hanya, kuma na yi imani ya gyaru.

Malama ta shigo da takarda a hannu ta ce in karanta kafin in taɓa kwamfuta. Binciken Anna Eiserbeck da abokan aikinta ne a jami'ar Humboldt ta Balin, 2023. Duk fuskokin da suka nuna na mutanen gaske ne, babu ta bogi ko ɗaya. Abin da suka sauya kawai shi ne abin da aka gaya wa mai kallo: wannan ta gaske ce, wannan ƙirƙirarriya ce. Murmushin da aka ce na bogi ne ya rasa tasirinsa. Mutane ba su ji daɗinsa kamar ɗayan ba, sun fi jinkirin yanke hukunci a kansa, alamomin farko-farko da murmushi kan tayar a ƙwaƙwalwa ma ba su fito yadda aka saba ba. Fushi kuwa bai damu da lakabi ba, na gaske ko na bogi, amsar ɗaya.

Na ce, "Malama, ke nan wata biyu ina gyaran farin ido, alhali kalma ɗaya na iya kashe murmushin?"

Ta ce, "Gyaranka na nan da amfaninsa. Amma har yau ba mu raba abu biyu ba: abin da ido ya gani, da abin da mutum ya yarda da shi."

Gaskiyarta. A duk gwajin da aka nuna fuskar kwamfuta da ake iya ganewa, mai kallo ya ga bambancin fata, kuma ya san babu kowa a bayanta. Wanne ne ya rage amsar? Sannan zamanin ganewa da ido yana ƙarewa. A 2022 Sophie Nightingale da Hany Farid suka ba mutane hotunan gaske da waɗanda ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, suka ce su bambanta. Sun dace a kashi 48.2 cikin ɗari, wato da canke da wannan duk ɗaya. Har ma an fi amincewa da fuskokin ƙirar.

A fahimtata, bambancin fushi da murmushi na da dalili. Wanda ya yi watsi da barazana don yana zaton ta bogi ce, in ya kuskure, zai ji jiki, don haka gara a amsa tukuna a bincika daga baya. Murmushi kuwa kyauta ce, darajarta tana ga wanda ya bayar. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ne don akwai mai gida a bayanta.

Sabon tsari: kashi huɗu. Fuskar mutum da aka ce ta mutum ce, fuskar mutum da aka ce ta kwamfuta ce, fuskar kwamfuta da aka ce ta mutum ce, da fuskar kwamfuta da aka faɗi gaskiyarta. Katun ya fita, don babu wanda zai yarda mutum ne. Tsoro ma ya fita, in ba haka ba zaman zai yi tsawon da mutane za su gaji, gajiya kuwa tana lalata layin. Cire tsoron ya yi mini ciwo, don a kansa na fi shan wahala.

Talata, 15 ga Afrilu

Kwamitin ɗa'ar bincike ya dawo da takardarmu da sharaɗi, kuma na ga dacewarsa. Tunda rabin lakabin ba gaskiya ba ne, dole a ƙarshen kowane zama mu zauna da mutum mu gaya masa komai, mu ba shi damar janye bayanansa. Mun kuma koma wajen 'yan sa-kai shidan nan neman sabon izini, don ba ƙaramin abu ba ne a nuna fuskarka a ce ba mutum ba ne. Biyar sun amince. Ɗaya ya ce a'a, muka cire hotunansa da tagwayensa a ranar.

Na ƙara tambaya ɗaya a ƙarshen gwajin: me ka gani a fuskar nan? Mutum ya faɗa da bakinsa, ba zaɓi daga jeri ba. Dalili shi ne ba ko'ina ake karanta fuska iri ɗaya ba. A 2016 Carlos Crivelli ya nuna wa matasan tsibiran Trobriand na Papua New Guinea fuskar nan mai zare ido da buɗe baki da littattafai ke kira tsoro, su kuwa suka ga barazana ce. Ba zan ɗauka cewa abin da na ƙera da sunan fushi shi kowa zai gani ba.

Abin da ke riƙe ni a aikin nan shi ne inda fuskokin suka riga suka shiga. Ana koyar da yara masu larurar otizim, wadda ke wahalar da mu'amala da mutane, karatun fuska da su. Ana sa masu fargabar shiga jama'a su yi atisaye a gabansu. Ana ajiye su su yi hira da tsofaffin da kaɗaici ya dama. Idan haɗe girar na'ura na isa zuciya da cikakken ƙarfinta, murmushinta kuwa ya isa a raunane, to wanda ya yini da ita yana karɓar tsawa cikakkiya da lallashi rabi. Masu ƙera su ya kamata su san haka kafin su kai su gaban mai rauni.

Litinin, 28 ga Afrilu

Gwajin share fage. Wata abokiyar aikinmu daga wani sashe ta zauna mana, ba ta san komai game da tsarin ba.

Sa hular ya ci minti 40. Rami 64, kowanne sai an raba gashi da bakin sirinji marar tsini, a matsa jel har ya taɓa fata, ana duban allo har ɗigon wurin ya koma kore. Biyu na bayan kunnen dama suka ƙi, su ne kuwa muka fi buƙata. Ɗalibinmu ya yi ta lallaɓa su yana ba ta haƙuri. Muka ƙara wasu 'yan ƙananan wayoyi a kuncinta da saman girarta, don tsokar fuska ma tana magana. Ulf Dimberg a Suwidin ya nuna a 2000 cewa ko an walƙa fuska na milisakan 30 kacal aka rufe ta da wata, kuncin mai kallo yana ɗan motsi ga murmushi, girarsa ga fushi, shi bai sani ba.

Kafin a fara na ce ta ƙifta ido, layukan gaba suka yi tsalle kamar an girgiza su. Na ce ta cije haƙori, allon ya cika da ƙura. Abin da muke nema 'yan maikrobolt ne, wato ɗan mitsitsin lantarki, a ƙarƙashin wannan hayaniya, ba ya ganuwa a hoto ɗaya, sai an tara amsoshi da yawa an ɗauki matsakaici. Da yamma muka tara. Ga ta nan a bayan kunnen dama, lotsawar N170, a fuskar mutum da ta kwamfuta duka. Na sha ganin ta a takarda, amma yau na gan ta tana amsa fuskar da na ƙera da hannuna. Mutum ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma Malama ta hana a buɗe kwatancin lakabi har sai an gama tattara kowa, don kada abin da muka gani ya shiga yadda muke magana da masu zuwa.

Da muka gaya mata gaskiyar lakabin, ta yi shiru, sannan ta nemi a sake nuna mata hoto ɗaya. Na Yaya ne, na dariyar nan ta ranar tuntuɓe, wanda a zamanta aka rubuta masa "ƙirar kwamfuta". Ta ce, "Wannan ya dame ni. Na ji ina son in mayar mata, sai na hana kaina." Na rubuta maganar a takardarta kamar yadda ta faɗa.

Gyara uku kafin Litinin mai zuwa. Lakabi yana daɗewa a allo, za a rage shi. Hutu tsakanin kashi da kashi zai ƙaru, don ta fara lumshe ido a kashi na uku. Sannan ɗaya daga cikin tagwayen mazan har yanzu ana gane shi ta gefen hanci, inda fatar ta yi sulɓi, sai na sake masa ramukan fata. Mutum na farko na ainihin gwajin zai zo 5 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe.